Abin da aka auna da abin da rai ya ji

Ran kasuwar Madawa, mutum biyu sun tsaya gaban buhun albasa. Mai saye ya ce: «Albasa ta yi tsada.» Mai saida ita ya ce: «Albasa ta faɗi, babu riba.» Buhu guda ne, kuɗinsa guda ne, amma magana ta rabu biyu. Wa ya yi ƙarya? Babu wanda ya yi ƙarya. Kowa ya faɗi abin da aljihunsa ya ji ne.

Magana iri biyu ce. Akwai maganar zahiri, akwai maganar ra'ayi.

Maganar zahiri ita ce wadda kowa ke iya dubawa, ko ya ƙidaya, ko ya auna, ya tarad da ita yadda aka faɗa. Ba ta sauyawa don mai faɗa ya sauya. Kuɗin buhun nan maganar zahiri ne. Riƙe irin wannan magana shi ne ake kira «objectivité» da Faransanci.

Maganar ra'ayi kuwa daga zuciyar mai faɗa take fitowa. Tana bin abin da yake so, da abin da yake tsoro, da inda yake tsaye. «Tsada» da «araha», «daɗi» da «kyau», duk na ra'ayi ne. Wannan ita ce «subjectivité».

Haka abin yake ga ruwan sama. Bayan an yi ruwa da dare, mai gonar tudu ya ce: «Ruwan bai isa ba.» Mai gonar fadama ya ce: «Ruwan ya yi yawa.» Amma akwai gwangwanin awon ruwa, mai zane a jiki. In ya nuna milimita 30, to milimita 30 ne ga mai tudu, milimita 30 ne ga mai fadama. Gwangwani ba shi da gona.

Rarrabe waɗannan biyu ba wasan aji ba ne kawai. Ga abin da ya faru a kwarin Majiya, cikin yankin Buza.

Ƙasar Majiya tana da albarka, amma iska ta dame ta. Da rani iska tana kwashe ƙasar sama mai taki. Farkon damana kuma tana tono yashi ta binne ƙananan shuka, har manomi ya sake shuka sau biyu ko sau uku. A shekarar 1975, bayan babban farin da ya wuce, ma'aikatan daji da ƙungiyar CARE suka fara dasa itatuwan bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro. An dasa su layi biyu-biyu a gicciye, don su tare iska. Tsakanin wannan jeri da wancan, mita 100. Sannu a hankali layukan suka kai ɗaruruwan kilomita.

Da itatuwa suka girma, sai gardama ta tashi. Manomin da layi ya ratsa gonarsa ya ga hatsi ya tsumbure ƙarƙashin inuwa. Ya ce bedi ya ci masa gona. Manomin da gonarsa ke tsakiya ya ga shukarsa ta tsaya, iska ba ta binne ta ba. Ya ce bedi alheri ne. Masu awaki da tumaki kuma suna da nasu ƙorafi, domin an hana dabbobi shiga wurin da aka yi dashe har itatuwa su yi ƙarfi.

Kowanensu ya ga wani abu na gaskiya, amma kowa gefensa ya gani. Da an bi mai ƙarfin murya, da wataƙila an sare itatuwa, ko kuwa a ci gaba da dashe ba tare da an san amfaninsa ba.

Sai aka koma ga awo. Wajen shekarar 1980, masu bincike suka ware filaye masu girma ɗaya, wasu bayan itatuwa, wasu a sarari. Da kaka aka ɗora hatsin kowane fili bisa sikeli. Ba a manta da wurin da inuwa ta ɓata ba, shi ma an sa shi cikin lissafi. Sakamako ya nuna hatsin filayen da itatuwa suka kare ya zarce na sarari da kusan kashi 20 cikin 100. Wato inda ake samun dami 10, sai a sami dami 12. An sake awo a wasu shekaru. Lissafin ya ɗan sauya, domin damana ba ta zama ɗaya, amma an sake ganin ƙari. Wannan ita ce alamar maganar zahiri: wani yana iya zuwa ya sake gwadawa.

To, sikeli ya kashe gardama ke nan? Bai kashe ta duka ba. Sikeli ya faɗi yawan hatsi. Bai faɗi wanda ya kamata ya ɗauki reshe da itacen wuta ba in an yi sassabe: mai gonar da inuwa ta ci, ko gari duka? Bai faɗi inda mai akuya za ta kai akuyarta ba. Waɗannan sai an zauna an ji ra'ayin kowa. Ra'ayi ba abin kunya ba ne. Laifi shi ne mutum ya sa wa ra'ayinsa rigar zahiri, ya ce: «Kowa ya sani», alhali shi kaɗai ya ji haka.

A Keita ma haka ne. A shekarar 1984 Nijar da Italiya da hukumar FAO suka buɗe babban aikin gyaran ƙasa, aka jera duwatsu, aka gina madatsun ruwa, aka dasa miliyoyin itatuwa. «An dasa itatuwa» zahiri ne, ana iya ƙidaya su. «Keita ta fi ko'ina kyau» ra'ayi ne, kuma ɗan Keita yana da ikon faɗinsa.

Ɗalibi mai hankali, in ya ji magana, yakan yi tambaya uku. Wa ya faɗa? Me zai samu in an yarda? Ana iya dubawa ko a auna? Haka kuma in shi ne mai magana, ra'ayinsa yakan fara da «a ganina».

Tambayoyi

1. Don me mai saye da mai saida albasa suka saɓa?
2. Me ya sa aka ce gwangwani ba shi da gona?
3. Wace tambaya sikeli ya amsa a Majiya? Wace ce bai amsa ba?

Aiki

Ku rubuta jimla 3 na zahiri da jimla 3 na ra'ayi bisa kasuwar garinku. Ku ba maƙwabcinku ya rarrabe su.