Sayen nagari mai da kuɗi gida: Yadda za a zaɓi kwamfutar tafi-da-gidanka mai ƙarko da kuɗi madaidaici

Duk lokacin da jami'o'i da kwalejoji suka buɗe sabon zangon karatu, shagunan sayar da kwamfuta a titin Beirut da kasuwar Farm Centre a Kano, da na Banex a Abuja, da na Computer Village a Ikeja, sukan cika da masu neman kwamfutar tafi-da-gidanka.

A cikinsu akwai ɗalibin ajin ƙarshe da aikin bincikensa ya tsaya masa a wuya, da malamar makaranta da ke son haɗa sakamakon jarrabawar ɗalibanta, da matashin da ya sami ɗan aiki ta intanet. Kuɗin da ke hannun da yawansu na adashe ne, ko gudummawar 'yan uwa, ko na dabbar da aka sayar a gida. Idan aka yi zaɓen tumun dare, ba lallai ba ne a sake samun damar sayen wata nan kusa.

Lamarin ya ƙara tsanani tun bayan da gwamnati ta saki darajar naira a watan Yunin 2023. Dalar da ake canjawa a kan kimanin naira 460 a farashin hukuma ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuma da yake kusan duk kwamfutocin daga waje ake shigo da su, farashinsu ya bi dalar. Kuɗin da a da ke sayen sabuwa mai kyau, yanzu ya bar mai saye tsakanin abu biyu: sabuwa mai araha, ko ta hannu mai nagarta.

Tarkon takardar Core i7

Tambayar farko da yawancin masu saye ke yi ita ce ko kwamfutar Core i7 ce. Wannan 'yar takarda da ke manne a gefen madannai ta yaudari mutane da dama, domin sunan kaɗai ba ya nuna shekarun injin.

Kamfanin Intel yana fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, zubi-zubi, abin da 'yan kasuwa ke kira jenareshan. Ana gane zubin ne daga lambar da ke bin sunan. Idan an ga i5-8350U, lamba 8 ta farko na nufin zubi na takwas. Idan an ga i5-1135G7, zubi na 11 ke nan. Idan kuwa an ga i7-4600U, to zubi na huɗu ne, wanda ya fito tun 2013.

Bambancin ba ƙarami ba ne. Furosesar i7-7500U ta zubi na bakwai tana da cibiyoyin aiki biyu ne kawai, yayin da i5-8250U ta zubi na takwas ke da huɗu. Ma'ana, i5 ɗin da ake rainawa ta fi i7 ɗin da ake rububi ƙarfi, kuma sau da yawa ta fi ta sauƙin kuɗi.

Akwai wani dalili da ya sa zubi na takwas ya zama iyaka. A ranar 14 ga Oktoban 2025 kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10, sai dai ga waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi na wucin gadi. Ita kuwa Windows 11, a hukumance tana buƙatar Intel zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen jerin 2000 zuwa sama, tare da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Masu gyara suna da dabarar ɗora ta a kan tsofaffin kwamfutoci, amma kamfanin bai ba da tabbacin cewa irin waɗannan za su ci gaba da samun sabuntawar tsaro ba. Ga mai shiga asusun banki ko ajiye takardun aiki a kwamfutarsa, wannan ba abin wasa ba ne.

Saboda haka ganin Windows 11 a kan allo bai isa shaida ba. Lambar furosesa ce shaida, kuma ana ganin ta a sashen About da ke cikin Settings.

Ta ofis ko ta kanti?

Manyan kamfanonin kwamfuta suna ƙera kaya iri biyu. Akwai na gida, waɗanda ake yi wa ado don su ja ido a kanti, akwai kuma na ofis, waɗanda ake ƙerawa don ma'aikatu da ke sayen ɗaruruwa a lokaci guda, su yi aiki da su shekaru. ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP, su ne fitattu a rukuni na biyu.

Irin waɗannan ne ke cika kasuwar kayan hannu, ko tokumbo, domin kamfanoni a Amurka da Turai sukan sauya kwamfutocin ma'aikatansu bayan 'yan shekaru, dillalai su saye su turo Afirka.

Fifikonsu yana cikin ƙira. Gangar jikin da yawansu na magniziyom ne ko alminiyom ko roba mai ƙarfi da aka cakuɗa da zaren kabon. Mahaɗin murfi da gangar jiki, wanda masu gyara ke kira hinji, ya fi ƙwari, kuma shi ne wurin da kwamfutoci masu araha suka fi saurin karyewa. Madannan da yawa daga cikinsu suna jure ɗan ruwan da ya zube. Uwa uba, kamfanonin suna wallafa littafin gyaransu kyauta a intanet, kuma kayan gyaransu, daga batir zuwa allo, sun wadata a kasuwa.

A ɗaya ɓangaren kuwa, sabuwar kwamfutar da ake samu a farashi mafi ƙasa yawanci tana zuwa ne da furosesar Celeron ko makamanciyarta, da RAM mai gigabait 4, da ma'ajiyar eMMC mai gigabait 64. Tana da kwali da sheƙi, amma da an buɗe shafukan intanet goma tare da Word sai ta fara nishi. Kuma sau da yawa an liƙe RAM ɗin da ma'ajiyar a jikin babban allon ciki, babu damar ƙarawa. Araha dai ba ta ado.

Wannan ba ya nufin sabuwa ba ta da amfani. Wanda kuɗinsa ya kai ga sabuwa mai Core i5 zubi na 12 zuwa sama, ko Ryzen 5 jerin 5000 zuwa sama, zai sami sabon batir da garanti, abubuwa biyu da ta hannu ba ta bayarwa. Sai dai ya shigar da lambar jikin kwamfutar a shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya ga ranar da garantin ya fara. Ta haka ake gane tsohuwar da aka wanke aka saka a sabon kwali.

RAM, ma'ajiya da allo

Ga aikin yau da kullum, kamar rubutu da lissafi a Excel da taro ta Zoom da binciken intanet, RAM mai gigabait 8 shi ne mafi ƙaranci, 16 kuma shi ne kwanciyar hankali. Abin tambaya shi ne ko ana iya ƙarawa. ThinkPad T480 da EliteBook 840 G5 suna da gurbin RAM biyu, don haka mutum zai iya sayen mai 8 yau, ya ƙara idan ya sami hali. ThinkPad X1 Carbon da MacBook Air kuwa a liƙe nasu yake, abin da aka saya da shi za a zauna.

A wajen ma'ajiya, SSD ce zaɓi. Tsohuwar ma'ajiyar HDD tana da faifai mai juyawa a ciki, wanda ke da jinkiri kuma ba ya son girgiza. Kwamfutar da za ta riƙa hawa A Daidaita Sahu da acaba a cikin jaka kullum, SSD ce ta dace da ita. Mai gigabait 256 tana isar ɗalibi ko ma'aikaci, kuma ta fi HDD mai gigabait 1,000 amfani nesa ba kusa ba.

Allo kuma shi ne abin da ido zai kalla na sa'o'i. Mai 1920 da 1080 na nau'in IPS ya fi mai 1366 da 768 tsabtar rubutu, kuma samfuri ɗaya kan zo da kowanne daga cikin biyun, don haka sai an duba.

Nauyi: inci 14 ne tsaka-tsaki

Kwamfuta mai allon inci 15.6 takan kusanci kilo biyu ko ta wuce, na wasan gem kuwa sun fi haka, ga cajarsu kamar bulo. Masu inci 14 su ne tsaka-tsaki: Latitude 7490 tana da kimanin kilo 1.4, EliteBook 840 G5 kimanin 1.5, T480 kuma kimanin 1.6. X1 Carbon ba ta fi kilo 1.1 da 'yan kai ba, MacBook Air mai M1 da ta fito a ƙarshen 2020 kuma kilo 1.29 ce.

Sai dai rashin nauyi yana da farashinsa. Gwargwadon sirantar kwamfuta, gwargwadon yadda ake liƙe kayan cikinta, gyaranta kuma ya ƙara tsada. Ga wanda ke zaune a garin da masu gyara ba su da yawa, ƙarin nauyin giram 300 ya fi masa sauƙi a kan jiran kayan gyara daga Legas.

Zafi, ƙura da wutar lantarki

A Arewa, abokan gabar kwamfuta uku ne. Na farko zafi. A watannin Maris zuwa Mayu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, kuma zafi yana rage kwanan batirin litiyom. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko filo yana toshe kafofin shan iskarta, barin ta a cikin mota da rana kuwa ya fi muni.

Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke taruwa a fanka har ta hana ta fitar da zafi. Kai ta wurin mai gyara a share fankar sau ɗaya a shekara, musamman bayan hunturu, yana ƙara mata kwana. MacBook Air mai M1 ba ta da fanka sam, wanda fifiko ne a nan, amma gyaranta da kayan gyaranta sun fi tsada, kuma wasu manhajojin da ake koyarwa da su a makarantu na Windows ne kaɗai.

Na uku wuta. Ɗaukewa da dawowar wutar NEPA da hawa da saukar ta janareta suna cin caja, jabun caja kuma tana iya cin kwamfutar kanta. Shi ya sa samfurin da ke caji ta kafar USB-C ya fi dacewa. T480, alal misali, tana caji da caja mai wat 65 ta wannan kafa, kuma ana iya cajin ta da fawa-bank mai fasahar PD da ke ba da irin wannan ƙarfi. Ga mai ƙaramar sola a gida, wannan babban sauƙi ne.

Lenovo da Dell da HP duk suna da tsarin da ke tsayar da caji a wajen kashi 80 cikin 100, wanda ke rage tsufan batir ga mai yawan barin kwamfuta a jone. Amma wanda wuta ba ta zama a unguwarsu, gara ya cika batirinsa duk lokacin da ya samu.

Minti ashirin a shago

Kafin a miƙa kuɗi, akwai gwaje-gwajen da ba sa buƙatar ƙwarewa.

Batir ne na farko, domin shi ne raunin kowace kwamfutar hannu. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna lambobi biyu: Design Capacity, ƙarfin batirin lokacin da yake sabo, da Full Charge Capacity, abin da yake iya ɗauka yanzu. Idan na biyu ya faɗo zuwa rabin na farko, sai a cire kuɗin sabon batir daga ciniki. Idan kuma wurin linzami ya ɗago ko ƙasan kwamfutar ya kumbura, alama ce batirin ya kumbura, kuma haɗari ne.

Sai a buɗe murfin a rufe sau da yawa, a ji ko yana ƙara ko yana lilo. A buɗe farin shafi da baƙi a cika allo, a nemi tabo ko layi. A danna kowane maɓalli, a gwada kowace kafa da filasha, a kunna kyamara da lasifika, a haɗa ta da intanet ɗin waya. Ga mai rubutu da Hausa, Windows tana da tsarin madannan Hausa da ke ba da ƙ da ɗ da ɓ, kuma yana aiki a kan kowace kwamfuta, ba sai an nemi ta musamman ba.

Gwajin da aka fi mantawa shi ne na kulle. Kwamfutocin da suka fito daga ma'aikatu wani lokaci sukan zo da kalmar sirri a BIOS, ko kuma suna nan a rajistar tsohon kamfaninsu, ta yadda da an sake ɗora Windows aka haɗa da intanet sai su nemi asusun ma'aikacin kamfanin. A nemi mai shago ya shiga BIOS a gaban mai saye. Idan MacBook ce, a tabbatar an cire asusun iCloud na tsohon mai ita, domin idan tana kulle, ba ta da maraba da faranti.

Daga ƙarshe sai rasit mai ɗauke da sunan shago, da samfurin kwamfutar, da lambar jikinta, da kwanakin gwaji da aka yi yarjejeniya a kai. Rasit ne kariyar mai saye idan matsala ta ɓullo bayan kwana uku, kuma shi ne shaidarsa idan wata rana aka ce kayan sata ne. Sayen kwamfuta a hannun wanda ba a san shagonsa ba, komai arahar ta, na iya ƙarewa a ofishin 'yan sanda.

Kada kuɗin ya ƙare a kan kwamfutar

Kuskuren ƙarshe shi ne zuba duk abin da ke aljihu a kan kwamfutar kanta. Ta hannu takan buƙaci sabon batir, ko ƙarin RAM, ko caja ta asali. Tana kuma buƙatar jaka mai soso da soket mai kariya daga hawan wuta. Ɗalibin da aikin bincikensa ke ciki yana buƙatar filasha ko asusun Google Drive, wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, don ajiye kwafi, domin ko kwamfutar da ta fi kowace ƙarko ana iya sace ta a ɗakin kwanan ɗalibai.

Wanda ya sauko daga i7 zuwa i5 ta zubi na takwas ko sama, ya yi amfani da rarar wajen sayen waɗannan, shi ne zai fi daɗewa bai koma kasuwa ba.