Ƙaramin Tiyon Ruwan Turbo: Kada A Bari Bakanike Ya Toshe Shi

Duk mai bin titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga da Shagari ya nufi Tambuwal da Jega ya san irin motocin da ke kansa sun canza. Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, wadda yawancin manyan bakanikenmu suka koyi aiki a kanta, ta yi ƙaranci. Kamfanoni sun koma ƙera ƙananan injuna suna ɗora musu turbo, don mota ta rage shan mai ƙarfinta bai ragu ba. Honda Civic ta 2016 da CR-V ta 2017 da Accord ta 2018 duk akwai masu injin lita 1.5 mai turbo, wasu daga cikin Sharan ɗin da ke ɗaukar fasinja ma suna da turbo. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kowa neman mota mai ƙarancin shan mai yake yi. Irin waɗannan motoci kan zo tsofaffi daga Kwatano ko Legas, su ƙare a hannun mutumin Horo Birni ko Kajiji ko Lambara, ba tare da an gaya masa cewa akwai wasu siraran tiyo biyu na ruwa a jikin turbo ɗin da ransa ya rataya a kansu ba.

Turbo ba sabon abu ba ne. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar fasahar tun 1905. Fanka biyu ce a kan ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke cusa iska cikin inji don mai ya ƙone sosai. Yayin da injin mota ke juyawa sau 2,000 zuwa 3,000 a minti ɗaya a kan babban titi, ƙarfen turbo kan wuce sau 150,000. Hayaƙin da ke kaɗa shi kuwa, a injin fetur da ke jan kaya, yakan haura digiri 900. Tsakanin wannan wuta da fankar iska akwai 'yan boris da ƙarfen ke gudu a cikinsu, kuma baƙin mai ne ke hana su cin juna. Muddin inji na aiki, man yana shiga yana fita, yana kwashe zafi.

Ɓarnar tana faruwa ne bayan an kashe mota. Da an murɗa makulli, famfon baƙin mai ya tsaya. Ɓangaren hayaƙi yana nan da zafinsa, kuma zafin ba shi da wurin zuwa sai ya bi ƙarfe ya gangaro tsakiya, inda ɗan man da ya rage yake kwance. Idan zafin ya yi yawa, man ya soyu ya zama baƙin gawayi mai tauri, ya manne a boris da ƙananan ramukan da mai ke bi. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har hanyar ta cushe. Wannan ne ya sa tun shekarun 1980 masu ƙera motocin fetur suka huda hanyar ruwa a cikin gidan tsakiyar turbo, suka haɗa ta da ruwan lagireto. Hikimar abin ita ce ruwan ba ya tsayawa ko an kashe inji. Wanda ya ɗau zafi a cikin turbo yakan yi sama ta tiyon da ke bisa, mai ɗan sanyi ya biyo ta na ƙasa ya maye gurbinsa, haka zai yi ta zagayawa da kansa har ƙarfen ya huce. Wasu motocin, musamman na Jamus, an ƙara musu ƙaramin famfon lantarki da ke ci gaba da ɗan gurnani na 'yan mintuna bayan an zare makulli. Direba da yawa kan ɗauka matsalar waya ce da za ta cinye batir, ya sa a tsinke. Aikinsa yake yi.

To a nan ne gyaran gaggawa ke shigowa. Tiyon turbo yana zaune kusa da wuta, shi ya sa yakan riga sauran tsufa ya tsage. Idan ya fara yoyo a hanya kuma babu irinsa a kusa, abin da ya fi sauƙi shi ne a toshe bakin da ƙusa, ko a haɗe tiyo biyun a tsallake turbo gaba ɗaya. Ba a ga laifin wanda ya yi haka don a kai fasinja gida. Laifin yana ga barinsa haka wata da watanni. Mai mota zai ce ai tun da aka toshe bai ga komai ba, allurar zafi ma ba ta motsa ba. Allurar nan zafin ruwan inji take aunawa, kuma lokacin da turbo ke gasuwa motar a kashe take, allurar ta kwanta. Shaidar takan zo daga baya: hayaƙi mai shuɗi-shuɗi a salansa, baƙin mai yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, wani irin fito mai kama da jiniya idan an taka totur, sannan mota ta kasa jan abin da ta saba ja. A lokacin babu wanda zai tuna da tiyon da aka toshe, sai a ce turbo ba ya ƙarko a ƙasarmu.

Hujjar da ta fi ƙarfi wajen kare toshe tiyon ita ce ta masu cewa manyan motocin gas da taraktoci da yawa ba su da ruwa a turbo, kuma suna shekaru suna aiki. Gaskiya ne, har Sharan mai shan gas mai injin 1.9 baƙin mai da iska kawai ke sanyaya nata. Amma hayaƙin injin gas bai kai na fetur zafi ba, bambancin kan kai digiri ɗaruruwa, kuma an ƙera wancan turbo ɗin tun farko don ya rayu babu ruwa. Wanda aka huda wa hanyar ruwa da ruwan aka yi lissafinsa. Kamfanin da ke ƙera miliyoyin motoci ba ya ƙara tiyo don ado, kowane ɗaya kuɗi ne daga ribarsa.

Sai batun abin da ake zubawa a lagireto. An saba da ruwan rijiya ko na leda, ana cewa ruwan nan mai launi da ake kira kulant na ƙasashen ƙanƙara ne, mu da rana ke wuce digiri 40 a watan Afrilu me za mu yi da shi? Hana daskarewa ɗaya ne daga ayyukansa, kuma shi ne kaɗai wanda bai shafe mu ba. Akwai sinadarin hana tsatsa a ciki, sannan idan aka haɗa shi rabi da rabi da tataccen ruwa yakan jure 'yan digiri fiye da zallan ruwa kafin ya tafasa, murfin lagireto mai kyau kuma ya ƙara ɗaga wannan mizani sama da digiri 120. Ruwan rijiya kuwa, a duba gindin butar mai shayi a ga farin ɓawon da yake bari. Irinsa ke taruwa a duk inda ruwa ya fi zafi, kuma babu wurin da ya kai cikin turbo zafi ga kuma ƙuncin hanya. Kulant yana da tsada, ba a musu, amma ana shekaru ba a sake shi ba, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar kuɗin turbo ko da na hannu ba. A lura dai guba ne mai ɗan zaƙi, kada a ajiye shi inda yara ko awaki za su kai.

Game da barin mota a silo kafin a kashe, ba daidai ba ne a tsorata mutane. Idan ruwan turbo lafiyarsa lau kuma zagayen cikin gari aka yi, ba sai an jira ba. Direban da ya taso daga Jega da cikakken lodi da tsakar rana ya tsaya sallar azahar a Shagari, shi ne ya kamata ya sassauta gudu tun kafin ya iso, ya kuma bar inji yana aiki minti ɗaya ko biyu. Fetur ɗin da zai ƙone a wannan ɗan lokaci kaɗan ne ƙwarai.

Mai sayen mota, kafin ka biya, sa bakanikenka ya nuna maka tiyon da ke shiga turbo, ka bi kowanne da ido har inda ya ƙare, ka tabbata ba a toshe ko an tsallake ba. Ku kuma iyayen gareji, idan dole ta sa kuka toshe a hanya, ku gaya wa mai motar ƙarara cewa aikin bai ƙare ba, ya dawo a sa sabo cikin makon.