Abin da Ya Sa Matasan Tasawa da Mayahi Suka Fi Karkata ga Manhajojin Hoto da Murya

A ƙasashe da dama, matasa masu shekara 13 zuwa 17 sun juya wa kafofin da suka dogara da rubutu baya, sun rungumi waɗanda suka dogara da hoto. Binciken cibiyar Pew ya nuna cewa a 2014 zuwa 2015, kashi 71 cikin ɗari na matasan Amurka suna amfani da Facebook, amma a 2022 adadin ya sauko zuwa kashi 32, yayin da TikTok da Instagram da Snapchat suka wuce gaba. Dalilin da aka fi kawowa shi ne iyaye sun cika Facebook, yara kuma suka nemi dandalin da babu idon manya. A gundumomin Tasawa da Mayahi na jihar Maraɗi ma, abin da ya fi yawo a wayoyin samari da ƴanmata shi ne hoto da bidiyo da saƙon murya, musamman ta WhatsApp da TikTok. Sai dai a nan akwai wani dalili mai tushe a cikin harshe, wanda ya cancanci nazarin ɗaliban wannan fanni.

Ta fuskar kuɗi, lamarin yana da ban mamaki. Hoto ɗaya ya fi dogon saƙon rubutu cin data nesa ba kusa ba, kuma a ƙauyukan Korgom ko Urafan ko Kanambakashe, cajin waya kansa sai an biya. Duk da haka matashi yakan zaɓi hanya mai tsada. Wannan yana nuna cewa rubutu ma yana da tasa tsadar, wadda ake biya da wahala da jin kunya.

Tsada ta farko ita ce ta tsarin rubutu. Yaron da ya tashi a Mayahi yana magana da Hausa, amma galibi da Faransanci aka koya masa karatu a lakwal, a makarantar allo kuma da baƙaƙen Larabci. An fara makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida a Damagaram tun 1973, amma ba su game ƙasa ba. Saboda haka yaron yana iya sanin tsarin rubutu biyu, alhali babu wanda ya koya masa rubuta harshen da yake tunani da shi. Idan ya tashi rubuta Hausa, sai ya ari ƙa'idar Faransanci, ya rubuta "sannou" da "ina kouana", kamar yadda allunan hanya suke ɗauke da Tessaoua maimakon Tasawa. Ɗan'uwansa da ke Katsina, wanda ya koyi boko ta hanyar Ingilishi da Daidaitacciyar Hausa, sai ya tsaya yana harhaɗawa. Ga kuma ɗimbin waɗanda ba su shiga lakwal ba, a ƙasar da manya masu iya karatu da rubutu ba su kai rabi ba.

Tsada ta biyu tana cikin boko kansa. Baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ba sa fitowa a allon rubutun yawancin wayoyi sai an saita shi, don haka "baki" da "baƙi" sukan zo da kama ɗaya. Ƙasashen biyu ma ba su daidaita ba: ƙa'idar Nijar ta 1999 ta ɗauki ƴ, Nijeriya kuwa tana rubuta 'y. Bugu da ƙari, boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali. Jimlar "ya tafi" tana iya nufin tafiyar ta auku, ko ana so ta auku, ko ana sa ran aukuwarta, kuma sauti ne ke rarrabe ukun. Duk abin da rubutu ya zubar, murya tana riƙe da shi. Tun da WhatsApp ya shigo da saƙon murya a 2013, mai magana ya samu damar aika harshensa cikakke.

Tsada ta uku ita ce ta karin harshe. Mutumin wannan yanki yana cewa "tahi" da "lahiya", yana ƙirga kuɗi da dala da jikka, yana kiran malamin lakwal "mushe". Da zarar ya rubuta, sai a auna shi da ma'aunin Hausar Kano ko na Faransanci, a ga kuskure. A bidiyo kuwa wannan karin shi ne shaidar asalinsa, kuma babu mai jan biro.

Hoto yana da wani aikin na daban. Malinowski a 1923, da Jakobson a 1960, sun yi bayanin irin zancen da manufarsa raya zumunci kawai, kamar doguwar gaisuwar Bahaushe. Yawancin hotunan da matasa ke ɗorawa irin wannan aiki suke yi. Saurayin da ya tafi cin rani Kano ko Agadas ko Libiya, idan ya aiko hotonsa cikin sabuwar shadda, ya gaya wa gida cewa yana lafiya kuma nema yana tafiya, ba tare da kalma ɗaya ba. Tsarin hoto mai ɓacewa bayan awa 24, wanda Snapchat ya fara a 2013, Instagram ya ɗauka a 2016, WhatsApp ya bi a 2017, ya dace da al'adar kunya: ana iya zaɓar masu gani, a ɓoye wa kawu da gwaggo. Amma kariyar ba cikakkiya ba ce, domin mai kallo yana iya adana hoton, kuma yarinya ce ta fi cutuwa idan ya fita.

Walter Ong, a littafinsa na 1982, ya kira irin wannan yanayi da baka ta biyu, wato maganar fatar baki da na'ura ke ɗauka. Amfaninta a bayyane yake, amma akwai abin lura. Kundin da Nijar ta kafa a watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa, alhali matasan da suka fi kowa amfani da ita ba sa rubuta ta. Kamus da littafin makaranta da na'urar fassara duk da rubutu ake gina su, kuma karin harshen da ba a rubuta ba ba ya shiga cikinsu.

Wayar da ta kawo wannan yanayi tana iya taimakawa wajen gyara shi. Shirin ABC na yaƙi da jahilci, wanda aka gudanar a jihohin Doso da Damagaram daga 2009, ya nuna cewa manyan da aka koya wa aika saƙon waya sun fi sauran ɗalibai samun maki a rubutu da lissafi. Aikin da ke gaban masu nazarin harshe shi ne yaɗa allon rubutu mai baƙaƙen Hausa, koyar da ƙa'idar rubutu tun daga ajin farko, da kuma tattara muryoyin Tasawa da Mayahi, bisa yardar masu su, a rubuta su yadda aka furta su.