Yadda ake shiga gasar rubuta labari ta rediyo

Wanda ya koyi karatu da rubutu a ajin yaƙi da jahilci, amfaninsa bai tsaya ga wasiƙa da lissafin buhunan albasa ba. Yana iya rubuta labari, a karanta shi a rediyo, duniya ta ji.

Wace gasa ce?

A shekarar 2016 sashen Hausa na BBC ya buɗe gasar gajerun labarai ta mata zalla. Sunanta Hikayata. Aisha Muhammad Sabitu ta Katsina ce ta fara cinye ta, da labarinta "Sansani". A shekarar 2022 kuwa ƴar ƙasarmu Nijar, Amira Souley, ita ta zo ta ɗaya da labarin "Garar Biki". Ke nan ƙofa ba a rufe take ba ga matan Malbaza, da Ƙonni, da Illela.

Alƙalai ke karanta labaran da aka aika. Su fid da uku na gaba, a ba su kyauta. Su zaɓi waɗansu kuma da suka cancanci yabo. Daga nan a karanta su a rediyo.

Ƙa'idodi

Ga sharuɗɗan da aka saba sawa. Labari ya zama na mai shi, ba na aro ba. Kada ya kasance an taɓa buga shi a wani wuri. A rubuta shi da Hausa mai kyau. Tsawonsa kalma 1000 zuwa 1500. Ana aika shi ta intanet kafin ranar rufewa. Sharaɗi yana iya sakewa daga shekara zuwa shekara, don haka sai a kasa kunne ga sanarwa.

Ƙirgar kalmomi ba wuya. In layi ɗaya ya ɗauki kalma 8, shafi kuma yana da layi 20, kalma 160 ke nan. Shafi 7 zuwa 9 sun isa.

Ina ake samo labari?

Ba sai an tafi Yamai ba. Labari yana ƙofar gida. Ga matar da mijinta ya tafi cirani, shekara uku ba aike. Ga manomin Galmi da ya ci bashi ya dasa albasa, farashi ya faɗi. Ga yarinyar da aka cire daga lakkol don aure. Ga saurayin da ke jiran aiki a bakin gidan siminti. Amma kada a sa sunan maƙwabci na gaskiya. Tonon asiri ba labari ba ne.

Rubutu don kunne

Nan ne babban aiki. Mai karanta takarda yana iya komawa baya in ya ɓace. Mai sauraro ba shi da wannan dama. Abin da ya wuce shi ya wuce. Saboda haka:

1. Mutanen labari kada su wuce uku ko huɗu.
2. Sunayensu su bambanta. Hasana da Husaina a labari ɗaya suna rikita kunne.
3. Matsala ta fito tun layin farko. Doguwar shimfiɗa tana sa a murɗa rediyo.
4. Jimloli su zama gajeru.
5. A bar labari ya yi nasihar da kansa. Ba wa'azi aka nema ba.

In an gama, a tara mutanen gida da dare a karanta musu da ƙarfi. Inda suka fara hira, wurin yana son gyara. Inda suka yi tsit, wurin ya yi.

Wadda ba ta iya aiki da salula ba, ta nemi malamin aji ko ɗanta ya buga mata. Amma ya buga abin da ta rubuta, kada ya ƙara nasa. Ta kuma adana takardunta na hannu.

Ba kowa ke cin kyauta ba. Amma wadda ta rubuta shafi bakwai da hannunta ta riga ta ci riba, don rubutunta ya zauna. In bana ba a dace ba, baɗi na nan tafe. Da koyo akan iya.