Kavala: Tashar Jiragen Ruwan Girka da Ta Haifi Mai Mulkin Masar

A arewacin ƙasar Girka, kimanin kilomita 150 gabas da birnin Tasalonika, akwai wani gari mai suna Kavala wanda gidajensa suka hau jikin tsauni bene-bene suna fuskantar tekun Ejiyan, kuma daga bakin ruwansa ana hango tsibirin Tasos. Mazaunansa sun ɗan haura 50,000, adadin da bai kai na wasu unguwannin Atina ba, amma tarihin garin ya fi girmansa nauyi, domin tun fiye da shekara 2,600 da suka wuce arzikin ƙasar da ke bayansa ta bakin ruwansa yake fita. Zinariya ce a farko, daga baya taba, a yau kuma dutsen gini da man fetur. Duk lokacin da kayan fatauci ko masu mulki suka sauya, mutanen garin ma sukan sauya, har ta kai yawancin mazaunansa na yanzu jikokin baƙi ne da suka iso shekara 100 da suka wuce.

Mutanen Tasos ne suka kafa garin a ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa, suka sa masa suna Niyafolis, kuma abin da ya tsallako da su shi ne ma'adinan zinariya da azurfa na tsaunin Fangayon da ke yamma da wurin. A shekara ta 356 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Filibus na Biyu na Makidoniya, mahaifin Iskandar Mai Girma, ya kama wani gari da ke kimanin kilomita 15 a cikin tudu, ya sa masa sunansa, wato Filibi, Niyafolis kuwa ta zama tashar ruwansa. Da Rumawa suka karɓi yankin sai suka shimfiɗa babbar hanyar da ake kira Egnatiya, wadda ta taso daga gaɓar Albaniya ta yau ta nufi Bizantiyom, wato Istanbul, ta ratsa garuruwan biyu. A filin Filibi ne aka gwabza yaƙin shekara ta 42 kafin haihuwar Annabi Isa, inda Antoni da Oktabiyan suka murƙushe Burutus da Kasiyus, waɗanda suka kashe Yuliyas Kaisar, alhali jiragen yaƙin waɗanda aka ci ɗin suna ɗaure a Niyafolis. Kimanin shekara 90 bayan haka Bulus, mai wa'azin Kirista, ya sauka a wannan tasha a kan hanyarsa ta zuwa Filibi, abin da ya sa Kiristoci ke ɗaukar wurin a matsayin ƙofar da addininsu ya shiga Turai, kuma a zamanin daular Rumawan Gabas aka riƙa kiran garin Kiristofolis.

Turkawan Daular Usmaniyya sun ci garin a 1387, an rushe shi bayan 'yan shekaru, ya daɗe kusan kufai in ban da sansanin soja da aka sake ginawa a kan tsauni a 1425. Farfaɗowarsa ta zo ne a zamanin Sarkin Musulmi Sulaiman, wajen 1530, lokacin da babban wazirinsa Ibrahim Pasha ya gina masallaci da masaukin fatake da gidan wanka, aka kuma kawo sababbin mazauna, cikinsu har da Yahudawa daga ƙasar Hangari. Matsalar garin ita ce ruwan sha, domin tsohon gari yana kan wani dutse ne da ya miƙa cikin teku, ba rijiya ba ƙorama. Maganin da aka yi shi ne ginin da Girkawa ke kira Kamares, wato doguwar gada mai baka-baka wadda a samanta aka yi kwata da ke jawo ruwa daga maɓuɓɓugan tsauni ta tsallaka da shi kwarin da ke tsakani. Tsawonta ya kai kimanin mita 280, tsayinta mita 25, tana da baka 60, kuma ta ci gaba da shayar da garin har farkon ƙarni na 20. A yau motoci ne ke wucewa ta ƙarƙashinta, kuma ita ce tambarin da ake gane Kavala da shi.

Sunan da ya fi haɗa garin da tarihin Afirka shi ne na Muhammad Ali Pasha, wanda aka haifa a nan wajen 1769 a gidan wasu Musulmi 'yan asalin Albaniya. Ya fara da fataucin taba, sannan a 1801 ya bi rundunar da Sarkin Musulmi ya tura Masar don korar sojojin Faransa, kuma kafin shekara biyar ta cika, a 1805, ya zama gwamnan ƙasar, alhali a lokacin bai iya karatu ba. Shi ne ya karya Mamaluka, sojojin da suka daɗe suna riƙe da Masar, a 1811, ya kafa soja da masana'antu irin na Turai, ya kuma aika rundunar da ta ci Sudan a 1820 zuwa 1821, mamayar da a cikinta birnin Hartum ya samo asali. Zuriyarsa ta mulki Masar har juyin mulkin sojoji na 1952 da ya kori Sarki Faruk.

Duk da haka bai manta mahaifarsa ba. A 1813 Sarkin Musulmi Mahmud na Biyu ya ba shi tsibirin Tasos, shi kuwa ya mai da kuɗin shigar tsibirin wakafi, wato dukiyar da aka tsayar don aikin alheri ba a sayarwa ba a gado, ya gina da shi katafaren gini da ake kira Imaret tsakanin 1817 da 1821. Ginin, mai faɗin kimanin murabba'in mita 4,200 da jerin ƙubbobi masu rufin dalma, ya ƙunshi makarantun ilimin addini da ɗakunan kwanan ɗalibai, da makarantar yara, da wurin salla, da kuma madafa da ke ciyar da matalauta ba tare da tambayar addininsu ba. Har gobe ginin mallakar hukumar wakafi ta Masar ce. Bayan shekaru masu yawa yana zubewa, an ba wata 'yar kasuwa 'yar garin hayarsa, ta gyara shi gyara na ƙwarai, aka buɗe shi a 2004 a matsayin otal na masu hannu da shuni. Babu shakka gyaran ne ya ceci ginin, amma wanda ya san ma'anar wakafi ba zai kasa lura ba cewa gidan da aka gina domin mai yunwa ya ci kyauta ya koma wurin da talaka ba ya iya biyan kwana ɗaya.

A ƙarshen unguwar Panagiya, wato tsohon gari mai lunguna da gidajen katako masu baranda, gidan da ake danganta wa Muhammad Ali yana nan a matsayin gidan tarihi, a gabansa kuma akwai mutum-mutuminsa na tagulla bisa doki, kyautar Girkawa mazauna Masar a shekarun 1930. Abin yana da ban mamaki idan aka tuna cewa ɗansa Ibrahim ne ya jagoranci sojojin Masar da suka kusa murƙushe yaƙin neman 'yancin Girka daga 1825, har sai da jiragen Ingila da Faransa da Rasha suka nutsar da nasu a Nabarino a 1827. Girkawan Iskandariyya dai suna tunawa da Muhammad Ali ne a matsayin wanda ya buɗe musu ƙofar kasuwanci a Masar, mutanen Kavala kuwa ɗan gari suke gani.

Abin da ya mai da Kavala birni na zamani shi ne taba. Ƙasar da ke kewaye, daga Dirama zuwa Zanti, tana fitar da wani nau'in taba mai ƙananan ganye da ƙamshi da ake kira basma, wanda masu haɗa sigari a Masar da Ostiriya da Jamus da Amurka ke nema don gauraya wa tasu. Daga tsakiyar ƙarni na 19 kamfanonin waje suka buɗe rassa a garin, ƙasashen Turai suka naɗa jakadun kasuwanci, a 1864 kuma Sarkin Musulmi ya ba Kiristocin garin izinin yin gini a wajen ganuwa, inda sabon birni ya tashi a bakin ruwa. Manyan ɗakunan ajiya masu hawa uku da huɗu suka cika unguwanni, a cikinsu dubban maza da mata ke zaune a ƙasa suna tsince ganye ɗaya bayan ɗaya, suna ware shi gwargwadon launi da girma kafin a ɗaure shi damma-damma a loda a jirgi. Irin kuɗin da aka samu ana ganinsa a ginin majalisar gari na yau, wanda wani attajirin taba ɗan Hangari mai suna Herzog ya gina a shekarun 1890 da siffar fadar sarakunan ƙasarsu.

Aikin taba na lokaci ne, ƙurarsa tana cin huhu, tarin fuka kuma ya zama ruwan dare tsakanin leburori, saboda haka ba abin mamaki ba ne da Kavala ta zama ɗaya daga cibiyoyin ƙungiyoyin ƙwadago na farko a yankin Balkan, inda Girkawa da Turkawa da Yahudawa ke shiga yajin aiki tare. Rigimar ta tsananta bayan yaƙin duniya na farko, lokacin da kamfanoni suka fara fitar da ganye ba a tsince ba, ko kuma su yi amfani da hanyar ɗauri mai sauƙi da ake kira tonga, wadda ke rage yawan hannayen da ake bukata. A 1934 mutanen garin suka zaɓi Dimitiris Partsalidis magajin gari, ɗan jam'iyyar kwaminis na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a Girka, ko da yake gwamnati ba ta bar shi ya daɗe ba.

Rabin farko na ƙarni na 20 ya zo wa garin da masifu a jere. Bulgeriya, wadda ke kwaɗayin samun ƙofa zuwa tekun Ejiyan, ta mamaye shi sau uku: a 1912 zuwa 1913, a 1916 zuwa 1918, sannan a 1941 zuwa 1944. Girka ta karɓe shi ne a 1913, bayan mulkin Turkawa na fiye da shekara 500. Sai kuma yarjejeniyar Lozan ta 1923, wadda ta wajabta musayar al'umma tsakanin Girka da Turkiyya bisa addini, ba bisa harshe ba: Kiristoci sama da miliyan 1 suka bar Turkiyya, Musulmi kimanin 400,000 suka bar Girka. An keɓe Musulmin yammacin Tirakiya, waɗanda ke gabas da kogin Nestos, amma Kavala tana yamma da kogin, don haka Musulminta duka suka tafi, 'yan gudun hijira daga Anatoliya suka cika gidajensu, yawan mutanen garin ya ninka zuwa kusan 50,000 a ƙidayar 1928. Masallacin Ibrahim Pasha ya koma cocin Waliyyi Nikolas, aka mai da gindin hasumiyarsa wurin ƙararrawa. A watan Maris na 1943 kuma hukumomin Bulgeriya suka tattara Yahudawan garin, kimanin 1,500, suka miƙa su ga Jamusawa, aka kashe kusan dukkansu a sansanin Tirebilinka. Cikin shekara 20 ke nan biyu daga al'ummomi uku da suka gina garin suka gushe.

Taba ta fara ja da baya tun daga shekarun 1960, wasu ɗakunan ajiyar aka rushe su, wasu suka zama kantuna, abin da ya rage na sana'ar kuma yana gidan tarihin taba na garin. Maye gurbinta ya zo daga wurare dabam-dabam, ba wanda shi kaɗai ya kai ta. Akwai masana'antar takin zamani a Niya Karbali, gabas da gari, inda kuma tashar kaya mai sunan Filibus na Biyu take, yayin da tsohuwar tasha mai sunan Bulus ta zama ta fasinja da masunta, waɗanda sadin ɗinsu ya yi suna a faɗin ƙasar. A tekun da ke tsakanin garin da Tasos akwai rijiyoyin Firinos, da suka fara aiki a 1981, kuma su ne kaɗai wurin da Girka ke haƙo man fetur, ko da yake abin da suke bayarwa ya ragu ƙwarai. Sai kuma dutsen mabul, wanda yankin ke fitarwa zuwa ƙasashe da yawa. Alhazan da suka yi ɗawafi da tsakar rana suka ji dabe bai ƙona ƙafa ba, farin dutsen Tasos suka taka, domin shi aka shimfiɗa a harabar Ka'aba saboda yadda yake mayar da hasken rana maimakon ya sha zafinta.

Sabuwar hanyar Egnatiya, mai tsawon kimanin kilomita 670, ta bi kusan sawun ta Rumawa, ta kuma sa masu yawon buɗe ido daga Bulgeriya da Romaniya da Turkiyya ke isowa da motocinsu kowace bazara, wasu su tsallaka Tasos, wasu su nufi kufan Filibi, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Cikin baƙin Turkawa akwai jikokin waɗanda aka kora a 1923, masu zuwa neman unguwar kakanninsu, kuma tsarabar da suke komawa da ita ita ce kurabiye, wani biskit mai man shanu da almon da garin sukari, wanda iyalan da aka koro daga Kafadokiya suka shahara da yi a Niya Karbali, Turkawa kuma suke kira da sunan Kavala.

Garin ya daɗe yana kallon gine-ginen Usmaniyya a matsayin ragowar mulkin mallaka, sai a 'yan shekarun nan ya gane cewa su ne jarinsa, aka gyara masallacin Halil Bey ana taron al'adu a ciki, aka kuma gano harsashin tsohon coci a ƙarƙashinsa. Sai dai yawon buɗe ido na wata uku bai riƙe matasa ba, yawan jama'ar ƙaramar hukumar ya ragu tsakanin ƙidayar 2011 da ta 2021, kuma tashar da ta yi fiye da ƙarni 26 tana fitar da kaya har yau layin dogo bai iso ta ba.