Faifai da Dandali: Sauraron Makaɗan Gargajiya a Cikin Birnin Kano

Mazauna Mandawari, kamar sauran unguwannin da ke kusa da Gidan Rumfa a cikin ganuwar Kano, sun gaji hanyoyi biyu na jin kiɗa, domin tambari da kakaki da algaitar fada suna iske su kai tsaye a lokutan hawan Salla, yayin da muryoyin makaɗan da suka riga mu gidan gaskiya suke zuwa musu ta rediyo da kaset, a yau kuma ta wayar hannu. Kowace hanya tana da abin da take bayarwa, kuma wanda ya tsaya ga ɗaya kaɗai bai gama sanin waƙar baka ba.

Amfanin waƙar da aka naɗa a bayyane yake. Ba don faifan garmaho da taskokin Rediyon Kaduna da Rediyon Kano ba, da kotson Ibrahim Narambaɗa da na Musa Ɗanƙwairo sun zama labari kawai, haka ma kalangun Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da ƙwaryar Barmani Choge, wadda ta rasu a 2013, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Naɗin ne yake ba mai sauraro damar maimaita baiti har ya gano turke, wato babban saƙon da aka gina waƙar a kansa, ya kuma rarrabe gindin waƙa, wanda 'yan amshi suke nanatawa, da ɗiyanta, waɗanda jagora yake ƙirƙira ɗaya bayan ɗaya. A kan irin wannan sauraro na natsuwa masana kamar Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero suka kafa nazarinsu.

Sai dai faifai yana riƙe zama ɗaya ne tak daga cikin masu yawa, alhali makaɗin Hausa ba ya ɗaukar waƙarsa a matsayin abin da aka kammala. Shata ya shahara da sauya ɗiyan waƙa gwargwadon waɗanda suke gabansa, ta yadda idan wani attajiri ko basarake ya shigo fili zai saka sunansa da na iyayensa nan take, sanƙira kuma, wato mai shelar makaɗi, ya ɗaga murya ya bayyana kyautar da aka yi da wanda ya yi ta. Wannan musayar tsakanin mawaƙi da jama'a, da guɗar mata, da yadda makaɗa suke ƙara zafin hannu idan fili ya ɗauka, su ne sassan da na'ura ba ta cika kamawa ba, ko da kuwa ta kama sautin duka. Abin takaici ne cewa a yawancin bukukuwan birni yanzu lasifika ce take maye gurbin makaɗi, kuma saurayin da ya haddace waƙoƙin Shata a waya zai iya girma bai taɓa ganin yadda ake matse kalangu a hammata domin sauya muryarsa ba.

Damar da ta rage mafi girma ta jin kiɗa kai tsaye ita ce hawan Salla, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, domin a nan ne makaɗan fada da na hakimai suke kiɗa a gaban iyayen gidansu, kowane da takensa, cikin lungunan da kowa yake iya tsayawa ya saurara ba tare da biyan kuɗin shiga ba.