Kwamfuta Ta Iya Aron Hannu, Amma Zuciyar Taka Ce

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya taɓa loda hotonsa a manhajar Prisma ya ga ya koma kamar zanen fenti, to ya riga ya taɓa abin da zan yi bayani. Ana ce masa aron salon zane ta kwamfuta.

A 2015 ne masu bincike uku a Jami'ar Tubingen ta Jamus, Leon Gatys da Alexander Ecker da Matthias Bethge, suka fito da dabarar. Sun ɗauki hoton gidajen bakin kogin Neckar, suka sa kwamfuta ta sake zana shi da hannun Van Gogh da na Edvard Munch.

Yaya take yi? Hotuna biyu za ka ba ta: naka, da zanen da kake son salonsa. Sai ta bi da su ta cikin wani tsari mai suna VGG-19, wanda aka horar a kan gane hotuna. Matakansa na farko layi da launi kawai suke gani, na can ciki kuwa su ke gane fuska ko gida. Daga hotonka tana riƙe siffa, daga zanen kuma tana auna launuka da shafin buroshin da ke tafiya tare. Daga nan ta fara da hoto mai tsaki-tsaki, kamar talabijin da ba sigina, ta yi ta gyara sau ɗaruruwa har ya dace da duka biyun.

To ina maganar zuciya? Na gwada da hoton ɗakinmu na hostel ranar da kowa ya tafi hutu. Da na ɗora masa jan sararin sama da karkatattun layukan zanen Munch na 1893, wallahi sai da gabana ya faɗi. Da na sa shuɗin rinin Ƙofar Mata, sai ɗakin ya koma kewa zalla. Ɗaki ɗaya ne fa!

Ka ga ke nan kwamfutar ba ta san baƙin ciki ba, lissafi take yi. Kai ne mai zaɓen salo da nauyinsa, kuma in ka cika shi, fuskar ma ɓacewa take.

Sai dai a kula: kada ka kwashi aikin mai zanen da ke raye ba izini ka ce naka ne. Kayan aro ba ya rufe katara. Kafin ka danna, tambayi kanka: me nake so mai kallo ya ji?